Gyaran jita da haɗa amfilifaya a gida: ka auna kafin ka kwance

Yawancin jitar da ake cewa ta mutu wallahi ba ta mutu ba, ko dai waya ɗaya ce ta tsinke a cikin soket ko kuma wuyanta ne ya ɗan lanƙwashe aka rasa mai juya alanki kwata ɗaya ya miƙar da shi. Abin da ke kashe jita da gaske shi ne mai ita ya ɗauko sukudireba ya hau kwance-kwance bai san me yake nema ba. Ni ma haka na fara, jitata ta farko sai da na zare duk wayoyin cikinta saboda tana ƙugi, ashe kebul ɗin da nake jonawa da shi ne ya lalace, jitar lafiyarta ƙalau. Kwana biyu na yi ina neman inda kowace waya take don ko hoto ban ɗauka ba kafin na cire. To shi ya sa abu na farko da zan ce maka shi ne duk abin da zaka taɓa ka auna shi tukuna, ka ɗauki hotonsa da wayarka, sannan ka fara daga abin da ya fi sauƙi kuma ba zai iya yi maka lahani ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Mita mai auna bolt da om, ƙarfen solda mai wat 40 ko sama, dalma mai ƙaro a cikinta irin ta masu gyaran rediyo, alanki, sukudireba manya da ƙanana, filaya mai tsinin baki, abin yanke waya, rula ta ƙarfe mai milimita, da tiyuna, wato na'urar saita muryar tsirkiya, ko manhajar tiyuna ta waya ma ta isa. Cikin duka waɗannan mita ce uwa, in kuɗinka na abu ɗaya ne ita zaka fara saya.

Mu fara da wuyan jitar, don nan ne mutane suka fi jin tsoro kuma nan ne gyara ya fi nuna kansa. Tsirkiyoyi shida na jitar lantarki in an ɗaure su daidai suna jan wuyan da nauyin da ya kai kusan kilo 45, na jita mai rami wadda ba ta amfani da wuta ma ya haura kilo 70, dare da rana wannan jan bai tsayawa. Shi ya sa ake saka rodi a cikin wuyan daga sama har ƙasa, aikinsa ya ja baya yayin da tsirkiya ke ja gaba. Itace kuma yana numfashi, in iska ta yi laima ya kumbura in ta bushe ya tsuke, saboda haka jitar da take daidai wata uku da suka wuce yau kana iya ɗaukarta ka ji tsirkiya ta yi sama tana cin yatsa, ko ta kwanta tana gogar firet, wato 'yan ƙarafan da ke gicciye a jere kan wuyan, tana zzz.

Yanda zaka gane halin da wuyan yake ciki, ka saita murya tukuna, sannan ka danne tsirkiya mafi kauri a firet na farko, in kana da kafo, abin da ake maƙalawa a wuyan ya danne tsirkiyoyi, ka maƙala shi a nan, da ɗaya hannun ka danne ta a firet na ƙarshe. Yanzu tsirkiyar ta zama maka miƙaƙƙiyar rula. Duba tsakiya wajen firet na 7 ko na 8, ya kamata ka ga ɗan fili ƙanƙani tsakanin tsirkiya da kan firet, kamar milimita 0.25. In ba ka da abin auna irin wannan siririn fili ga dabara, guntun tsirkiya mafi siranta mai lamba 10 kaurinsa kenan daidai, sai ka zura shi ƙarƙashi, in ya shiga yana ɗan taɓawa to ka dace. In fili ya yi yawa wuyan ya lanƙwasa gaba, sai ka ɗaure rodin, wato ka juya dama. In babu fili ko kaɗan tsirkiya na kwance kan firet sai ka sassauta, ka juya hagu. Amma fa kwata ɗaya na zagaye kawai, ko ma rabin kwata, ka sake saita murya ka bar shi ya ɗan zauna sannan ka sake aunawa. In ka ji rodin ya cije ya ƙi juyawa kar ka sa ƙarfi, ka tsaya, don in ya karye a ciki aikin ya koma na ɓare allon firet gaba ɗaya kuma wannan ba aikin ɗan koyo ba ne. Alankin ma ka tabbatar daidai bakin notin yake, akwai na inci akwai na milimita, wanda ya ɗan yi sako-sako shi ke cinye bakin noti.

Sai wuya ya daidaita sannan zaka koma kan jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke zaune a kai a jikin jitar. Mutane da yawa nan suke juya tsarin, su fara da jaki su ƙare da rodi, sai duk abin da suka saita ya rushe. Tsayin tsirkiya daga kan firet na 12 ya kasance tsakanin milimita 1.5 zuwa 2, mai kauri ta ɗan fi siririya tsayi don ta fi yin lilo. Wannan ba doka ba ce, mai kaɗawa da ƙarfi ya ɗaga kaɗan, mai taushin hannu ya sauke har sai ta fara gogar firet sannan ya ɗan mayar.

Na ƙarshe a wannan layin shi ne gaskiyar murya. Ka taɓa jin jita da an saita ta daidai amma da an hau can saman wuya sai ka ji kamar tana ƙarya? Firet na 12 shi ne daidai rabin tsirkiya, muryar da zai bayar dole ta zama ɗaya da ta tsirkiyar a sake sai dai ta fi ta tsayi ninki. Kaɗa ta a sake ka duba tiyuna, danne na 12 a hankali ka sake dubawa. In ta haura, tsirkiyar ta yi gajarta, sai ka ja ɗan sirdinta, wato ɗan ƙarfen da take hawa a kan jaki, baya nesa da wuya. In ta gaza sai ka turo shi gaba. Kowace tsirkiya da nata, kuma da sababbin tsirkiyoyi ake wannan aikin, tsohuwa mai tsatsa wahalar da kai kawai zata yi.

Wanda ke son ya haɗa tashi jitar daga itace shawarata kar ya fara da sassaƙa wuya. Ka samu wuya da aka riga aka gama ko na wata matacciyar jita, kai ka yi jikin. Leo Fender kansa mai gyaran rediyo ne a California ta Amurka, bai ma iya kaɗa jita ba, shi ya sa ya yi tunani irin na makaniki, ya sa wuyan Telecaster da na Stratocaster da ya fitar a 1954 ana ɗaure su da sukurori huɗu kawai, in ya lalace a kwance a sa wani. Wannan tsarin shi ya fi dacewa da mai aiki a gida, saɓanin na Gibson Les Paul da ake liƙa wuyan da gam. Lissafi ɗaya ne ba a wasa da shi, tsawon tsirkiya daga ɗan ƙashin saman wuya zuwa sirdi. Na Fender inci 25.5 ne wato milimita 648, na Gibson inci 24.75. Ka auna daga ƙashin zuwa firet na 12 ka ninka biyu, nan sirdin siririyar tsirkiya zai zauna, na mai kauri kuma ya ja baya da kamar milimita 3. In ka kuskure wannan babu saitin da zai cece ka. Kafin ka huda ramukan jaki ka ɗaura zare biyu a wurin tsirkiyar farko da ta ƙarshe ka ga ko sun bi gefen wuyan daidai hagu da dama, in ɗaya ta kusa faɗowa daga gefe ka gyara tun babu rami. Wanda kuma ya nace sai ya yanka firet da kansa, ana raba tsawon da 17.817 a samu nisan firet na farko, a 648 ya ba da milimita 36.4, a cire shi daga tsawon a sake raba ragowar, haka har ƙarshe. Na gwada sau ɗaya, zarton ya kauce da rabin milimita a wuri biyu, har yau wannan wuyan yana jingine bayan ƙofa.

To mu shiga cikin wayoyi. Fikof, ba motar ɗaukar kaya ba, wancan abin da ke ƙarƙashin tsirkiya, maganaɗisu ne aka naɗe shi da siririyar wayar tagulla kamar gashi zagaye kusan dubu takwas. Tsirkiyar ƙarfe na rawa a samansa sai ya haifar da 'yar wuta ƙanƙanuwa, ita ce amfilifaya ke ƙarawa. Babu wata wutar da zata ja ka a cikin jita in ba a jone take da amfilifaya ba, saboda haka nan ne makarantar koyon solda mafi aminci.

In jita ta yi shiru ko tana yankewa, kafin ka buɗe komai canja kebul. In ba shi ba ne, jona kebul mai kyau a jitar, buɗe folyum har ƙarshe, sa mita a kan om na 20k, ɗora tsinke ɗaya a kan tsinin kebul ɗaya a jikinsa. Fikof mai naɗi ɗaya irin na Stratocaster zai nuna wajen 6k, mai naɗi biyu da ake kira hambaka zai nuna 8k ko sama, wasu masu zafi har 15k. In ka ga sifili to wayar sauti ta haɗe da ta ƙasa a wani wuri. In mita ta nuna kamar ba a jona komai ba to akwai inda ya tsinke. Juya makunnin zaɓen fikof ka auna kowane matsayi, nan take zaka san wanne ne mai laifi ba tare da ka kwance sukuru ko ɗaya ba. Wani gwajin mai sauƙi, jona a amfilifaya ka ɗan ƙwanƙwasa kan fikof da bakin sukudireba, mai rai zai ce tuk, matacce shiru.

Sau da yawa dai laifin na soket ne. Notinsa ya sassauta, mai jita ya riƙa murɗa shi daga waje da filaya, soket ɗin gaba ɗaya yana juyawa a ciki yana nannaɗe wayoyi har su tsinke. Kullum ka ciro shi waje ka riƙe bayansa da hannu sannan ka ɗaure notin. Ƙafafunsa biyu ne, mai zuwa doguwar ƙarfen da ke taɓa tsinin kebul ita ce ta sauti, mai haɗe da jikin soket ita ce ta ƙasa, wadda masu aikin wuta ke ce wa at. Kar ka yarda da ido a nan, sa mita ka bi kowace ƙafa ka ga inda ta nufa, don in ka juya su jitar zata yi sauti amma da ƙugi mai tsanani, kuma da ka taɓa tsirkiya sai ƙugin ya ƙaru maimakon ya ragu. Wannan alamar ka riƙe ta. Jita mai lafiya in ka ɗora hannu kan tsirkiya ƙugi raguwa yake. In ka taɓa babu abin da ya canja to wayar ƙasa da ke zuwa jaki ce ta cire.

Ƙugin da ke fikof mai naɗi ɗaya kuwa wani ɓangarensa halitta ce, yana tsinto kaɗawar wutar gida mai 50 ko 60 a daƙiƙa daga transifoma da fitilu da caja. Don maganin wannan ne Seth Lover na kamfanin Gibson ya ƙirƙiro hambaka a 1955, naɗi biyu masu saɓa wa juna, ƙugi ya kashe ƙugi sauti ya rage. Abin da kai zaka iya a gida shi ne ka shimfiɗa tef ɗin tagulla a cikin ramukan jitar da bayan murfin, kowane yanki ya taɓa ɗan'uwansa, ka gwada da mita daga wannan kusurwa zuwa waccan, sannan ka haɗa shi da ƙasa. In ba ka haɗa shi da ƙasa ba ado kawai ka yi. Zai rage zzz ɗin sama sosai, amma ƙugin ƙasa-ƙasa ba zai tafi duka ba, kar wani ya ruɗe ka.

Yanzu solda, a nan zan ɗan daɗe don ita ce rabin sana'ar. Kuskuren kowane ɗan koyo ɗaya ne, ya narkar da dalma a bakin ƙarfe ya ɗauko ta kamar ɗigon ruwa ya ɗiga kan waya. Wannan ba haɗi ba ne, ɗorawa ce, yau tana aiki gobe ta saki. Abin da ake so ka zafafa abin da zaka haɗa, shi ya narkar da dalmar da kansa. Goge bakin ƙarfen a jiƙaƙƙen soso, shafa masa 'yar dalma ya yi ƙyalli, fere wayar ka murɗa gashinta ka shayar da ita dalma ita kaɗai tukuna, ƙafar da zata hau ita ma haka, sannan ka haɗa su ka ɗora ƙarfe daƙiƙa biyu zuwa uku, zaka ga dalmar ta malale ta bi jiki kamar mai, ɗauke ƙarfe, kar ka motsa kar ka hura. Haɗi mai kyau sumul yake yana sheƙi, mara kyau yana dunƙule kamar ƙwallo ya yi toka-toka. Dalma mai 60/40 tana narkewa tun wajen digiri 190 amma ana sa ƙarfen wajen 350 don aikin ya yi sauri. Akwai gubar dalma a cikinta, ka wanke hannu in ka gama, hayaƙin ƙaron kuma kar ka sunkuya kana shaƙa, buɗe taga. Mai asid a ciki irin ta masu aikin famfo kar ta kusanci jitarka, cinye waya take.

Wurin da ya fi ba da wahala shi ne bayan kwanturol ɗin folyum inda ake tara wayoyin ƙasa. Ƙarfen bayan yana shanye zafi, in ƙarfen soldarka mai rauni ne sai ka daɗe kana dannawa, waje bai yi zafin da dalma zata kama ba amma ciki ya dahu. Haka na ƙona guda biyu a rana ɗaya da ƙarfe mai wat 25, na gama aiki ina murna na murɗa na ji ƙaraf ƙaraf sai shiru. Maganin shi ne ka kankare wurin da sanfefa ya yi fari, ka yi amfani da ƙarfe mai zafi mai faɗin baki, ka shiga ka fita da sauri. In zaka canja kwanturol duba lambar da ke bayansa, 250k ake sa wa mai naɗi ɗaya, 500k wa hambaka, in ka sa babba sauti ya ƙara kaifi in ka sa ƙarami ya ƙara duhu. 'Yar kafasitar, wato ɗan kayan lantarki mai tara wuta, da ke kan kwanturol ɗin ton mai rage kaifin sauti ita ma haka, mai lamba 473 ta fi mai 223 dusar da sauti. Masu sayar da tsofaffin kafasita da tsada suna cewa nasu na da wani sirrin sauti, ni dai kunnena bai taɓa jin bambanci ba in lambar ɗaya ce. Kwanturol mai ƙarar yashi in ana murɗawa kuma galibi datti ne, fesa masa man wanke kayan lantarki ta ɗan ramin gefe ka murɗa sau ashirin, ba man sassauta tsatsa ba.

In hannunka ya faɗa da solda, amfilifayar farko da ya kamata ka haɗa ita ce mai batir bolt 9 da ɗan guntun kayan lantarki mai ƙara sauti da ake kira LM386. Ƙafa takwas gare shi, ƙarfinsa wajen rabin wat, ba zai tashi maƙwabta ba amma a ɗaki ya isa, kuma ko ka yi kuskure iyakarta ya yi zafi ya mutu ka sa wani. Ka ajiye shi ɗan yankan da ke kansa na kallon sama, ƙafa ta 1 ita ce ta sama a hagu, ka ƙirga ƙasa zuwa 4, ka tsallaka dama ka hau daga 5 zuwa 8. Ta 6 ita ke karɓar jan wayar batir, ta 4 da ta 2 su tafi ƙasa, sautin jita ya shiga ta 3 bayan ya ratsa 'yar kafasita, ya fito ta 5 ya ratsa kafasita mai maikirofarad 220 sannan ya shiga lasifika mai om 8, ƙafarta mai alamar tarawa tana kallon guntun. Daga ƙafa ta 5 ɗin ka sauke rezista mai om 10 a jere da kafasita 473 zuwa ƙasa, mutane na raina wannan su bar shi sai abin ya riƙa fito ko ya yi zafi ba dalili. Ka kuma sa mai maikirofarad 100 tsakanin ta 6 da ƙasa, kusa da guntun sosai. A haka yana ninka sauti sau 20, in ka haɗa ƙafa ta 1 da ta 8 da kafasita mai maikirofarad 10 sai ya koma sau 200, nan ne zai fara wannan ƙazamin gurnanin da masu kiɗan rok ke so, ka sa makunni a wurin ka samu murya biyu. Kar ka yi solda kan guntun kai tsaye, sa masa gidansa mai ƙafa takwas, in ka gama sai ka dasa shi.

Abu biyu zaka lura. Na ɗaya sautin zai ɗan dushe, dalili ƙofar LM386 om dubu 50 ce kawai alhali fikof ya saba da miliyan ɗaya da amfilifayar jita ta gaskiya ke ba shi, maganin shi ne ka sa tiransista irin JFET guda ɗaya a gabansa kamar MPF102 ko 2N5457, sai kaifin ya dawo, amma wannan ka bar shi zagaye na biyu. Na biyu lasifika tsirara a kan tebur ba ta da gindi ko kaɗan, sautin gaba da na baya suna cinye juna, da ka sa ta a akwati ko na katako mara kyau ne zaka rantse an canja ta.

Sai babbar magana, amfilifaya mai kwalba, wato mai ƙara sauti da 'yan bututun gilashi masu kama da kwan fitila maimakon tiransista. Kowa ita yake buri saboda daɗin sautinta, kuma gaskiya tsarinta ba wuya, Fender Champ ta ƙarshen shekarun 1950 kwalba uku ce kacal, 12AX7 mai ɗaga sauti, 6V6 mai tura lasifika, 5Y3 mai miƙar da wuta, wat 5 ne duka. Amma a cikin wannan 'yar ƙaramar akwai bolt sama da 300, manyan kuma har 450 zuwa 500, kuma manyan kafasitocin tace wuta suna iya riƙe wannan wutar bayan ka kashe ka zare filogi. Wannan ba jan da zaka yi tsalle ka yi dariya ba ne, in ya bi ta hannu ɗaya ya fita ta ɗaya ya ratsa ƙirji yana tsayar da zuciya. Ni Allah ne ya rufa min asiri, bakin sukudireba ne ya riga yatsana taɓawa, na ji tas kamar an harba bindiga, da na duba bakin ya narke ya yi baƙi, kuma amfilifayar ta kai minti goma a kashe.

Saboda haka ƙa'idar ita ce, zare filogi, sa mita a kan bolt na DC mafi girma, maƙala baƙin tsinke a jikin ƙarfen akwatin, da hannu ɗaya ka taɓa ƙafar kafasita da jan, ɗaya hannun yana aljihu ko bayanka. In akwai wuta ka sauke ta da rezista mai 100k wat 5 da ka sa wa waya mai rufi da 'yan maƙalai gefe biyu, gefe ɗaya a jikin akwatin tukuna sannan ɗayan kan kafasita, ka ba shi kamar minti ɗaya, ka sake aunawa har sai ta sauka ƙasa da bolt 10. Bar shi a maƙale muddin kana aiki don kafasita na iya farfaɗo da wuta da kanta, amma kar ka manta ka cire kafin ka kunna. Ba a sauke wuta da sukudireba. Cire zobe da agogo, sa takalmi mai roba, kar ka yi aikin kana gajiye, kuma in da hali wani ya kasance a kusa wanda ya san inda filogi yake. In karanta wannan ya sa gabanka faɗuwa to daidai kenan, ka samu wanda ya ƙware ka tsaya kusa da shi sau biyu sau uku kafin ka buɗe taka.

Akwai dai abubuwan da zaka iya dubawa ba tare da ka ciro cikinta ba. Kar ka taɓa kunna mai kwalba babu lasifika a jone, transifomar fitar da sauti ce zata ƙone kuma ita ce mafi tsadar abin da ke ciki. Mai tiransista akasin haka ce, ba ruwanta in babu lasifika, abin da ke kashe ta shi ne om ya yi ƙasa da abin da aka rubuta a bayanta. Lasifika biyu masu om 8 in ka haɗa su gefe da gefe sun zama 4, in ka jera su sun zama 16, kuma in ka auna mai om 8 da mita ka ga 6 da ɗoriya lafiya lau ne, haka suke nunawa. In fiyus ya ƙone ka sa irinsa sak, in ya sake ƙonewa akwai dalili, mai naɗa waya a wurin fiyus transifoma yake sa wa hannu a takardar mutuwa. In tana fito ko ƙararrawa ka ɗauki busasshen tsinken itace ka ɗan ƙwanƙwasa kowace kwalba tana kunne, wadda ta amsa da ƙara a lasifika ita ce ta gaji. In ka hango ƙarfen cikin babbar kwalba ya yi ja kamar garwashi, ba ɗan hasken tsakiya da aka saba gani ba, kashe nan take.

Tsohuwar da ta shekara da shekaru a ajiye kuma ba a jona ta kai tsaye. Ana haɗa kwan fitila irin na da mai zare, wat 60 zuwa 100, a jere da wayar wuta mai rai kafin ta isa amfilifayar, kwan LED ba ya wannan aikin. Da ka kunna in lafiya take kwan zai yi haske farat ɗaya sannan ya dushe ya koma ja-ja, in kuma ya tsaya da haske sosai akwai inda wuta ta haɗe a ciki, kwan ya shanye ta maimakon transifoma, sai ka kashe ka koma kan mita. Ka kuma duba filoginta, da yawa daga cikin na da masu ƙafa biyu ne babu wayar ƙasa, wasu ma da wata kafasita tsakanin wutar gida da jikin akwatin wadda in ta lalace wutar zata bi kebul ta hau tsirkiyar da ke hannunka. Irin wannan sai an cire kafasitar an sa waya mai ƙafa uku an ɗaure ta ƙasan da noti a jikin akwatin kafin a jona mata jita.